Kama da Wane ba ta Wane: Kawar Dutse, Tarihinta a Cikin Duwatsu da Matsalar Raɗa Mata Suna da Hausa

1.0 Gabatarwa

A shekarar da aiki ya kawo ni Kafanchan, daga cikin darussan da aka ɗora mini har da na fassara, ga ɗaliban da akasarinsu Hausa harshe na biyu ne a gare su, 'ya'yan Bajju da Atyap da Ham da Fantswam da sauran al'ummun Kudancin Kaduna. Wata rana ina cikin bayanin hanyoyin samar da keɓaɓɓun kalmomi, wato aro da kwaikwaya da faɗaɗa ma'ana da ƙirƙira, sai wata ɗaliba ta ɗora wani ɗan dutse mai ruwan toka a kan teburina, ta ce, "Malam, wannan fa, yaya za mu kira shi?" Yayanta direban babbar mota ne da ke ɗauko siminti daga Ashaka, shi ya tsinto shi a can. A jikin dutsen akwai ɓawon wata halittar ruwa mai layi-layi kamar haƙarƙari, ya nutse cikin dutsen sun zama abu guda. Na ce mata kawa ce. Ta ce ai kawa a ruwa take. Na ce to, burbushin kawa ne. Ta juya dutsen, ta ce ita dai ba ta ga burbushi ba, ɓawon nan cikakke ne. Ranar ban ba ta amsar da ta gamsar da ni kaina ba.

Wannan maƙala ta samo asali ne daga waccan tambaya. Za ta yi bayanin wani rukuni na kawar teku da ke manne wa dutse, da abin da duwatsu suka adana na tarihinsa, domin a cikin wannan tarihi akwai wata matsala ta suna wadda duk mai nazarin harshe zai gane ta da gani ɗaya. Daga nan za ta duba yadda za a iya faɗar waɗannan abubuwa da Hausa. Batun ba na nishaɗi ba ne kurum. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da manufar koyar da yaran firamare da harshen uwa har aji shida, sannan a watan Nuwamba na 2025 aka sanar da soke ta. Kowace muhawara aka yi a kan wannan batu, hujjar da ba ta taɓa ɓacewa daga bakin masu suka ita ce harsunanmu ba su da kalmomin kimiyya. Hanyar amsa wannan hujja ita ce a ɗauki fannonin ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka yi nisa da rayuwar Bahaushe, a gwada.

2.0 Kawa da Danginta a Bakin Bahaushe

Bahaushe ba mutumin teku ba ne, amma bai rasa kalmomin halittu masu ɓawo ba. Yana da katantanwa da dodon-koɗi, yana da wuri wanda jam'insa ya ba mu kalmar kuɗi, yana da ƙumba wadda ke nufin farce kuma take nufin ɓawon halittar nan ta bakin rafi, yana da makankari, sunan da aiki ya jawo wa ɓawon saboda da shi ake kankare ƙanzo. Sai kuma kawa (da k maras lanƙwasa, domin masu buga littafi sun sha mayar mini da ita ƙawa). Abin lura shi ne, waɗannan kalmomi sun raba halittun gida biyu, ko da yake ba a faɗa ba: masu ɓawo ɗaya a naɗe, irin katantanwa da wuri, da masu ɓawo ɓari biyu da ke buɗewa da rufewa a kan mahaɗi, irin ƙumba da kawa. Haka ma masana dabbobi suka raba su.

Ni da na tashi a ƙasar Yawuri, kawar da na sani ita ce ta Kwara, wadda ke bayyana a jikin duwatsun tsakiyar kogi idan ruwa ya ja baya, a cunkushe, wata kan wata, ba a iya ɓamɓare ta sai da ƙarfe. Masana na kiranta Etheria elliptica, sunan da Lamarck ya ba ta a 1807, kuma ana samunta a Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi da kogin Nilu. A riƙe wannan kawa a zuci, za mu komo kanta.

Wadda muke magana a kanta kuwa ta teku ce, daga cikin dangin da ake kira Pectinidae. Mai karatu ya san siffarta ko da bai taɓa ganin teku ba, domin ita ce tambarin kamfanin mai na Shell, wanda ya fara amfani da ita tun 1904: ɓawo mai kama da mafici, da haƙarƙari da suka tashi daga gindi suka bazu, da 'yan kunnuwa biyu a wajen mahaɗi. Sunan dangin ya fito ne daga kalmar Latin pecten, wato mataji. Turawan Ingila na ce mata scallop. Ta bambanta da sauran kawa ta fuska biyu masu ban mamaki. Ta farko, tana iyo. Tana da tsoka guda mai ƙarfi a tsakiya, da ita take tafa ɓarin ɓawonta biyu, ruwa ya fita da ƙarfi, ita kuma ta yi tsalle gaba. Ta biyu, tana da idanu a jere a gefen ɓawo, har kusan 200 a wasu nau'o'in, kuma Michael Land ya nuna a 1965 cewa kowane ido da ɗan madubi yake tattara haske a bayansa.

3.0 Mai Iyo da ta Zaɓi Zama

A cikin wannan dangi na masu iyo akwai 'yan tsiraru da suka bar gado. Fitacciya a cikinsu ita ce Crassadoma gigantea, wadda ke zaune a gaɓar tekun Fasifik ta Amurka ta Arewa, daga wajen Alaska har zuwa Baja California a Meziko. Tana fara rayuwa kamar kowace 'yar dangi: ɓawo daidaitacce, haƙarƙari a tsare, tana riƙe dutse da wasu zaruruwa da jikinta ke fitarwa, in ta ga dama ta saki ta yi iyo ta sauya wuri. Sa'ad da faɗinta ya kai kimanin santimita 2 zuwa 4, sai ta kwantar da ɓarinta na dama a kan dutse, ta riƙa zuba sinadarin ɓawon kai tsaye a jikinsa, har ɓawo da dutse su haɗe. Daga ranar ba ta ƙara motsawa. Tana iya haura shekara 20 a wurin, faɗinta ya kai santimita 15, wani lokaci har 25. Ɓawon yakan yi kauri da nauyi, ya karkace ya bi duk wani lungu da tudu na dutsen da ya hau, har mai kallo ya ɗauka kawa ce ta yau da kullum, irin wadda ba ta taɓa iyo ba.

Sai dai ƙuruciyar ba ta gogewa. Kawa ba ta sake ɓawo kamar yadda maciji ke saɓa, ƙari take yi a gefe, saboda haka ɗan ɓawon nan na farko mai siffar mafici yana nan daram a gindin babban, kusa da mahaɗi, har ta mutu. Wanda ya san inda zai duba zai ga tarihin dabbar duka a rubuce a bayanta: ga lokacin iyo, ga layin da ta manne, ga shekarun zama.

Me zai sa mai iyo ta sayar da 'yancinta? Elizabeth Harper ta Jami'ar Kambirij ta yi wani gwaji da ta buga sakamakonsa a 1991. Ta ɗauki wata kawa mai riƙo da zare, ta manne wasu a jikin dutse da gam, ta bar wasu da zarensu, ta sa musu ƙaguwa da dabbar nan mai hannuwa biyar da za mu iya kira tauraron teku. Mafarautan suka fi cin masu zare, domin wadda aka manne ba ta juyuwa, ba ta ɗaukuwa, ba a samun inda za a kama a fasa. Wannan ya dace da ra'ayin Geerat Vermeij na 1977, cewa a tsakiyar tarihin rayuwar teku, musamman a zamunan Jurasik da Kiretashiyos, masu fasa ɓawo da masu huda shi sun yawaita, abin da ya tilasta wa masu ɓawo neman mafaka: wasu suka nutse cikin yashi, wasu suka ƙara kauri, wasu suka yi ƙaya, wasu suka kama dutse. A lissafin Harper, dabarar mannewa ta ɓulla wajen sau 20 a tsakanin masu ɓari biyu, a zuriyoyin da ba su gaji juna ba.

4.0 Suna Ɗaya, Zuriya Barkatai

A 1814 wani masani ɗan Italiya, Giambattista Brocchi, ya buga littafi a kan ɓawon halittun teku da ake haƙowa a gindin tsaunukan ƙasarsu. A ciki akwai wani ɓawo mai kauri, karkatacce, da ya sa wa suna Ostrea crispa, wato ya ɗauke shi kawa ce ta yau da kullum. A 1821 Bafaranshe Defrance ya lura da ɗan maficin nan na gindi, ya ware wa irin wannan ɓawo jinsi na kansa, ya kira shi Hinnites. Ana danganta sunan da kalmar Latin hinnus, wato alfadari, da ɗafa-ƙeyar -ites da masanan wancan lokaci ke liƙa wa abin da aka samu a dutse. Sunan ya yi ma'ana: abu ne da gindinsa na wani dangi, jikinsa na wani, kamar yadda alfadari yake tsakanin doki da jaki.

Matsala ta faro ne daga nan. Da sunan ya samu, sai ya zama randar zuba duk wani ɓawo na dangin mataji da aka ga ya karkace. Kawar Fasifik da muka bayyana a sama ta shafe fiye da ƙarni ana kiranta Hinnites. Wata 'yar ƙarama ta gaɓar Turai, wadda a yau ake kira Talochlamys pusio, ita ma ta sha wannan suna. Haka aka yi wa ɓawon da aka samu a duwatsun Jurasik da na Kiretashiyos, har ma da na Tirayasik. Sakamakon haka, wanda ya tattara duk inda aka taɓa rubuta wannan suna zai ga kamar jinsi ɗaya ne ya rayu tun kimanin shekara miliyan 235 da suka wuce har zuwa yau, a Turai da Afirka da Asiya da Amurka. Har yanzu ana cin karo da wannan adadi a wasu rumbunan bayanai.

Gyaran ya zo a hankali. Douvillé ya ware na zamanin Jurasik a 1897 ya kira su Eopecten. Gillet ya ware na farkon Kiretashiyos a ƙarƙashin Prohinnites. A 1986 F. R. Bernard ya cire ta Fasifik ya raɗa mata Crassadoma, sannan Thomas Waller na cibiyar Smithsonian, a ayyukansa na farkon shekarun 1990, ya kafa dangantakar 'yan wannan dangi a kan ƙananan zane-zanen da ke jikin ɓawon ƙuruciya, waɗanda sai da madubin ƙara girma ake ganinsu. Abin da ya rage a ƙarƙashin Hinnites na ainihi ɗan kaɗan ne, kuma tarihinsa gajere: ya yi tashe a tekunan Turai a zamunan Miyosin da Filiyosin, wato daga kimanin shekara miliyan 23 zuwa miliyan 2.6 da suka wuce. Wadda ta rage a raye daga cikinsu, Hinnites corallinus, a tekun Afirka ta Yamma take. Ashe tsawon tarihin nan na shekara miliyan 235 tarihin suna ne da dabara, ba na zuriya guda ba.

Mai nazarin harshe ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi a nan. A 1912 Carl Meinhof ya tara Hausa da Fulfulde da Masai da Nama a ƙarƙashin inuwar "harsunan Ham" bisa wasu kamannu na tsari, har sai da Joseph Greenberg ya wargaza wannan rukuni, aikin da ya kammala a littafinsa na 1963, ya mayar da kowa gidansu. A ƙaramin mataki kuma, a dubi kalmar mutum ta Hausa da mtu ta Sawahili da umuntu ta Zulu. Sauti ya yi kama, ma'ana ɗaya ce. Amma da an nemi jam'i sai asiri ya tonu: Hausa ta ce mutane, mu yana nan domin na saiwa ne, Sawahili ta ce watu, Zulu ta ce abantu, domin a can ɗafa-goshi ne da ake cirewa. Abin da jam'i ya yi wa waɗannan kalmomi shi ne abin da ɓawon ƙuruciya ya yi wa Hinnites. A nan Kafanchan ina ganin ɗaya fuskar lamarin kullum: ɗalibi zai kawo jerin kalmomin Jju ko Tyap da suka yi daidai da na Hausa ya ce ya gano dangantaka, alhali aro ne na zaman tare, su 'yan reshen Filato ne na Binuwai-Kwango, Hausa kuwa 'yar Cadi ce.

Kawar Kwara da na ce a riƙe ita ce misali mafi kusa da mu. Ta manne wa dutse, ta karkace, ta yi kauri, har Turawa suka kira ta kawar kogi. Amma a zuriya ba ta haɗa komai da kawar teku ba: 'yar'uwar ƙumba ce ta ruwan daɗi, wadda ƙarfin ruwan kogi ya koya wa dabarar da wasu suka koya a teku.

5.0 Inda Teku ya Kwanta da Inda bai Kwanta ba

Saura tambayar da ɗalibai suka fi nacewa a kai: me ya kai halittar teku Ashaka, kuma me ya sa ba mu tsintar irinta a Kafanchan, ga duwatsu ko'ina?

Amsar tana ga irin dutsen. Ƙasar Kudancin Kaduna tana zaune ne a kan tsohon ginshiƙin duwatsu wanda zafi da matsi suka dafa, na ƙarshe kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, kafin a sami dabba mai ɓawo a duniya. Tsaunin Kagoro da ke tsaye a gabanmu ya fi su ƙuruciya, na zamanin Jurasik ne, ɗan'uwan duwatsun Jos masu kuza, amma shi ma narkakken dutse ne da ya huce. Wuta ba ta ajiye gawa. Abin da ke ajiye ɓawo shi ne dutsen shimfiɗa, wato laka da yashi da alli da suka kwanta a ƙarƙashin ruwa, hawa kan hawa, suka binne abin da ya mutu, suka daskare da shi.

Irin wannan dutse ba ya da nisa da mu. Wanda ya bi hanyar dogo kudu zuwa Lafiya ya shiga kwarin Binuwai, tsagar da ta buɗe a lokacin da Afirka ke rabuwa da Amurka ta Kudu. Teku ya shigo ta wannan tsaga daga kudu, kuma kimanin shekara miliyan 94 da suka wuce ya cika har ya haɗe da wani da ya gangaro daga arewa ta inda Sahara take a yau. A lokacin, da akwai jirgi, da an tashi daga inda Fatakwal take a bi ta Gombe da Damargu a fita arewacin Afirka ba a taka ƙasa ba. Gishirin Awe da Keana da fatake suka daɗe suna saye, masana ƙasa na danganta shi da duwatsun da wannan teku ya bari. Dutsen da masana'antar Ashaka ke ƙonawa tun 1979 shi ma a ƙarƙashinsa ya kwanta. Daga baya, kimanin shekara miliyan 70 zuwa 56 da suka wuce, wani teku ya sake shigowa ƙasar Sakkwato daga arewa, shi ya bar dutsen Kalambaina da ake siminti da shi a can.

An daɗe da sanin wannan. J. D. Falconer, wanda ya jagoranci binciken ma'adinai na Arewa, ya buga littafinsa a 1911, da ratayen Henry Woods a kan halittun tekun da aka tsinto a kwarin Gongola. Tun kafin su ma, al-Biruni a ƙarni na 11 ya kafa hujja da ɓawon da ake samu idan an haƙa rijiya cewa hamadar Larabawa ta taɓa zama teku. Wani abin da zai ba mu sha'awa mu masu harshe shi ne yadda garuruwanmu suka shiga Latin ta wannan ƙofa. Richard Reyment ya raɗa wa wasu halittu masu ɓawo naɗaɗɗe kamar ƙahon rago sunayen Gombeoceras da Bauchioceras a 1954, wato ƙahon Gombe da ƙahon Bauchi, ko da yake masanan baya sun mayar da su ƙarƙashin wasu tsofaffin sunaye. Akwai Goronyosaurus, ƙadangaren Goronyo, wani ƙaton mai rarrafe na teku, da Sokotosuchus, kadan Sakkwato. Duniya na kiran waɗannan halittu da sunan garuruwan Hausa, mu kuwa ba mu da abin da za mu kira su.

Dutsen ɗalibata fa? Wani abokin aiki malamin labarin ƙasa ya duba shi ya ce ya fi kama da Plicatula, wadda ta yawaita a duwatsun Gongila da Pindiga. Ita ma da ɓarin dama take manne wa dutse, ita ma tana da haƙarƙari, amma danginta daban. Da na yi gaggawa, da na ƙara wa randar Defrance ɓawo ɗaya.

Akwai dai ɓawon teku guda da ƙasar nan ta Kudancin Kaduna ta ba da, sai dai na yumɓu ne. A cikin mutum-mutumin al'adar Nok da masu binciken Jami'ar Frankfurt suka haƙo a Pangwari, aka kuma yi bayaninsu a 2016, akwai na wani mutum da aka ƙera masa siffar ɓawon teku a ka. Daga nan zuwa gaɓar teku ya fi kilomita 500. Wanda ya gina wannan siffa fiye da shekara 2,000 da suka wuce ya ga abin, kuma babu shakka yana da sunan da yake kiransa.

6.0 Shawarar Kalmomi

Tun daga Hukumar Hausa ta 1955 zuwa Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Dalhatu Muhammad ya tace a 1990, ƙa'idar da aka fi bi ita ce a fara neman kalmar gida kafin a yi aro. Da ita zan yi aiki, tare da ƙarin sharaɗi ɗaya da tarihin Hinnites ya koya mana: a bambanta sunan da ke nuna zuriya da sunan da ke nuna hali, kada a bar ɗaya ya yi aikin ɗaya.

(1) kawar mafici: dangin Pectinidae baki ɗaya, masu iyo da masu zama.
(2) kama-dutse: duk wata kawa da ke manne ɓawonta a dutse, ko daga wace zuriya take.

Na fifita mafici a kan mataji domin Bahaushe da ya ga tambarin nan mafici zai ce, ba za mu bi Latin a makance ba. Kama-dutse kuwa ta bi tsarin harɗaɗɗun kalmomi na aikatau da suna, irin su dafa-duka da hana-salla da bi-bango, inda aikatau ke ɗaukar karin sauti ƙasa, kamar yadda Newman (2000) da McIntyre (2006) suka bayyana. Amfaninta shi ne ba ta yi alkawarin dangantaka ba. Kawar Kwara kama-dutse ce, Plicatula kama-dutse ce, Crassadoma kuwa kawar mafici ce kama-dutse. Sunan jinsi a bar shi da Latin, kamar yadda kowane harshe ya bar shi.

Kalmar da ta fi wuya ita ce wadda Turawa ke cewa fossil. Burbushi, wadda kafofin watsa labarai suka saba da ita, ɗalibata ta riga ta kashe ta: burbushi ragowar abin da ya marmashe ne, ɓawon Ashaka kuwa ko ƙwarzane babu. Latin ta gina tata kalmar a kan aikatau mai nufin haƙa, Larabci ma haka, uhfura daga hafara. In muka kwaikwaya muka ce tonanniya, doya da rogo da mutum-mutumin Nok duk sun shigo. Na ɗan jima ina sha'awar ƙirƙirar dutsanta, bisa tsarin baƙunta da gajarta, a sami dutsantacce da dutsantacciya da dutsantattu. Kalmar ta yi daɗin baki, amma kawar mafici ce ta sa na janye. Ɓawo iri biyu ne na sinadarin alli: kalsayit, mai jure zamani, da aragonayit, mai saurin narkewa a ƙarƙashin ƙasa. Ɓawon kawar mafici akasarinsa kalsayit ne, shi ya sa tarihinta ya cika a duwatsu fiye da na dangi da yawa, kuma abin da ake tsinta sau da yawa shi ne ainihin ɓawon da dabbar ta gina, bai zama komai ba. Ba a dutsanta abin da tun asali dutse ne.

Abin da nake ba da shawara shi ne faɗaɗa ma'anar kufai. Kufai shi ne abin da ya rage bayan mai rai ya tashi, wanda ke shaida cewa an taɓa zama a wurin, ko ganuwa ce, ko marina, ko kukoki a jere, kamar Kufan Kanawa a ƙasar Damagaram. Kufan halitta zai ɗauki ɓawo da ƙashi da sawu da rami baki ɗaya. A ƙarƙashinsa sai a raba uku, kuma duka ukun muna da su a hannu:

(3) ɓawo: idan ainihin jikin ne ya tsira.
(4) gurbi: idan ɓawon ya narke ya bar siffarsa a dutse.
(5) zubi: idan laka ko wani sinadari ya cika gurbin ya daskare da siffar.

Zubi kalmar maƙeran fari ce, masu narka tagulla su zuba a gurbin da kakin zuma ya bari, kuma abin da suke yi shi ne abin da ƙasa ke yi, bambancin sai na lokaci. Yawancin ƙahonin Gombe da ake tsinta a Ashaka zubi ne, domin ɓawonsu na aragonayit ya daɗe da narkewa, alhali kama-dutsen da ke kwance kusa da su ɓawo ce.

Na san inda za a soki kufai, domin ɗalibaina sun riga kowa. Kufai wuri ne, ba a ɗaukarsa a sa a aljihu, kuma "na tsinci kufai uku" tana yi wa kunne nauyi. Gaskiya ne. Amma gurbi ma wuri ne tun asali, kujera kuma abin zama ce kafin ta zama muƙami, kunne bai daɗe ba ya saba. Wani ɗalibi ya kawo gyaran da ya fi nawa sauƙi, ya ce a bar kufan halitta ga fannin da abin a dunƙule, ɗaya-ɗaya kuma a ce ɗan-kufai da 'yan-kufai, yadda ake cewa ɗan-kunne. Da shi muke aiki a aji yanzu. Kafin a shigar da ko ɗaya cikin ƙamus, ya kamata wani daga cikinmu da ke Gombe ko Sakkwato ya je mahaƙar Ashaka da ta Kalambaina da na'urar ɗaukar magana, ya tambayi leburorin da suka shafe shekaru suna fasa waɗannan duwatsu me suke ce wa abin da ke faɗowa daga ciki, haka kuma a tambayi Sarkawan Yawuri ko suna bambanta kawar da ke kama dutse da wadda ke kwance a yashi.